Ni ɗaya na miƙa, Python ta ce biyu: ina na biyun ya fito?

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a taimaka min. Wata uku ke nan da na fara koyon harshen rubuta manhaja na Python, yanzu mun shiga babin aji da abu (class da object). Jiya da daddare na rubuta wannan:

```
class Asusu:
    def __init__(self, kudi):
        self.kudi = kudi

    def cire(adadi):
        self.kudi = self.kudi - adadi

nawa = Asusu(2000)
nawa.cire(500)
```

Da na kunna sai ta watso min da wannan: `TypeError: Asusu.cire() takes 1 positional argument but 2 were given`. Ni fa 500 kaɗai na sa a cikin baka. Ina na biyun ya fito? Sannan akwai abin da ya fi wannan damuna. Malaminmu a aji cewa yake "aika wa abu saƙo", darussan da nake kallo a YouTube kuma cewa suke "kira metod". Abu ɗaya ne ake ba shi suna biyu, ko kuwa da bambanci?

Mai Java:
Wa alaikumus salam. Ka manta `self` ne. Mai da shi `def cire(self, adadi)`, shi ke nan. Maganar saƙo kuma kada ta ɗaure maka kai, tsohon yare ne kawai. Aika saƙo da kiran metod duk ɗaya ne.

Baban Hanifa:
Gyaran farko daidai ne, Mai Java, amma amsa ta biyu ban yarda da ita ba. Kuma abin sha'awa, tambayoyin yaron nan biyu amsarsu ɗaya ce.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi, dubi layinka na ƙarshe. Abin da ke gaban ɗigon, wato `nawa`, shi ne na biyun da kake nema. Idan ka rubuta `nawa.cire(500)`, Python za ta fara duba wane ne `nawa`, ta ga abu ne na ajin Asusu, ta nemo `cire` a can, sannan ta miƙa masa abu biyu: shi `nawa` ɗin kansa, da 500. Gwada rubuta `Asusu.cire(nawa, 500)` bayan ka yi gyara, za ka ga sakamako ɗaya ne. To shi `self` kujerar da aka tanadar wa mai karɓar saƙon ce. Kai ba ka ajiye kujerar ba, baƙi biyu suka zo, kujera ɗaya suka tarar.

Yanzu ga bambancin. Saƙo shi ne abin da kai ka faɗa: "cire 500". Metod kuwa shi ne matakan da mai karɓa ya ajiye a wurinsa domin amsa irin wannan maganar. Kai mai aikowa ba kai kake zaɓar metod ba, suna kawai ka ambata. Mai karɓa ne ke zaɓa.

Ɗauki misali. Kana da buhu goma a Dawanau kana so a kai maka gida. Ka ce wa mai kura "kai min", ka ce wa mai a-daidaita-sahu "kai min", ka ce wa mai akori-kura "kai min". Magana ɗaya ce ta fito daga bakinka, amma kowa da yadda zai yi: wani sawu biyar, wani sawu biyu, wani tashi ɗaya. Maganar ita ce saƙo. Yadda kowa ya yi shi ne metod ɗinsa.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:
Na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Na sa `self`, ya yi aiki. Amma a nawa kod ɗin ai Asusu ɗaya ne, `cire` ɗaya ne. Wane zaɓi ne ya rage wa mai karɓar?

Baban Hanifa:
A yanzu babu. Ƙara wannan a ƙasa ka gani:

```
class AsusunAjiya(Asusu):
    def cire(self, adadi):
        if self.kudi - adadi < 1000:
            print("Ba a taɓa dubun ƙarshe")
        else:
            self.kudi = self.kudi - adadi

for a in [Asusu(1200), AsusunAjiya(1200)]:
    a.cire(500)
```

Layin ƙarshe sau ɗaya aka rubuta shi, amma ya gudana sau biyu, kuma kowane karo metod daban ya amsa. Wanda ya rubuta `a.cire(500)` bai san wanne zai amsa ba, kuma bai buƙaci ya sani ba. Sai lokacin da manhajar ke gudana ake duba wa aka aika wa. Idan ajin mai karɓar ba shi da wannan metod, sai a hau zuwa ajin da ya gada, in babu a ƙara hawa, har a kai `object` da ke can sama. In har can babu, sai `AttributeError`.

Mai Java:
Malam, da girmamawa, wannan ai shi ne abin da kowa ya sani da gado da sake rubuta metod a ajin ɗa. A Java ma haka yake. Ban ga inda kalmar "saƙo" ta ƙara wani abu ba. A C++ in ka leƙa ƙasa, tebur ne kawai na adireshin fankshan, kowane aji da nasa, abu kuma yana riƙe da manuni zuwa teburin ajinsa. A duba gurbi na kaza, a yi tsalle zuwa can. Babu ɗan aike, babu wasiƙa. Gara a gaya wa masu koyo abin da injin yake yi da gaske.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, ina bin ku tun ɗazu. Ɗan'uwa Mai Java, abin da ka faɗa game da C++ gaskiya ne, amma zuriya biyu ce a nan, kai kuma ɗaya kake kallo.

Ta farko ta fito daga Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka yi a Oslo ta ƙasar Norwe. Daga can aji da gado suka fito. Bjarne Stroustrup ya ɗauki wannan tunanin ya ɗora a kan C tun daga 1979, shi ya zama C++, Java kuma ta biyo baya a 1995. A wannan gidan, kompaila, wato manhajar da ke fassara kod zuwa abin da inji zai gudanar, tana tantancewa tun kafin manhaja ta tashi cewa metod ɗin da ka ambata akwai shi. In babu, ba za ta bari ka wuce ba.

Ta biyu ita ce Smalltalk, wadda Alan Kay da Dan Ingalls da Adele Goldberg da abokan aikinsu suka gina a cibiyar bincike ta Xerox PARC a Kalifoniya cikin shekarun 1970. Kay ya karanta lissafi da ilimin halittu, shi ya sa ya ɗauki abu kamar ƙwayar halitta: tana da fatar da ta rufe cikinta, ba mai sa hannu ciki, sai dai a yi mata magana. A 1998 ya rubuta wa masu amfani da Squeak, wani nau'in Smalltalk, cewa ya yi nadamar kalmar "abu" da ya zaɓa, domin ta ja hankalin mutane zuwa ƙaramin al'amari, alhali babban shi ne aikewa da saƙo.

Ni da Pharo na koyi wannan fanni, jikar Smalltalk ce, masu bincike na cibiyar Inria a birnin Lil na Faransa ne ke kan gaba wajen raya ta. A can saƙo ba salon magana ba ne. `3 + 4` na nufin an aika wa 3 saƙon `+` ɗauke da 4. Shi ya sa `3 + 4 * 2` ke ba da 14, ba 11 ba: 3 ya amsa da 7, sannan aka aika wa 7 saƙon `* 2`. Babu dokar fara yin sau kafin tarawa, daga hagu zuwa dama ake bi. In kana son 11, ka sa baka biyu da kanka.

Wanda ya fi burge ni shi ne sharaɗi. Babu `if` a nahawun harshen. Rubutawa ake:

```
kudi > 500 ifTrue: [ ... ] ifFalse: [ ... ]
```

`kudi > 500` zai haifar da `true` ko `false`, su ma abubuwa ne, kowa da ajinsa. Ajin True yana da metod na wannan saƙon da ke gudanar da ɓangaren farko, ajin False yana da nasa da ke gudanar da na biyu. Ranar da na buɗe ajin nan biyu na karanta da idona, ranar ce na fahimci abin da Malam Baban Hanifa yake faɗa.

Mai Java:
Na ji, amma ka sani kompailar Smalltalk ɗin kanta ba ta aika wannan saƙon da gaske a yawancin lokaci. Tana mai da shi tsalle ne kai tsaye saboda sauri.

Ɗan Damagaram:
Haka ne, tana yi. Amma dabara ce ta ɓoye, ma'anar harshen ba ta canza ba. Ga inda bambancin ke fitowa fili: me zai faru idan aka aika saƙon da abu bai sani ba? A Java kod ɗin ba zai ma haɗu ba. A Smalltalk saƙon zai tafi, a nema a rasa, sai injin ya naɗe saƙon gaba ɗaya, sunansa da kayan da ya ɗauko, ya sake aika wa abun wani saƙon mai suna `doesNotUnderstand:`. Abun yana da ikon ya rubuta nasa metod na wannan, ya yanke shawarar abin da zai yi: ya miƙa wa wani, ya rubuta a ajiye, ko ya ƙi. Ka ga an aika saƙo, an kuma amsa, alhali babu metod mai wannan sunan ko ɗaya. Da a ce abu ɗaya ne su biyun, hakan ba zai yiwu ba.

'Yar Zazzau:
Sannunku da ƙoƙari. Ina goyon bayan Ɗan Damagaram a nan, domin da Ruby nake cin abinci shekara da shekaru, kuma Ruby ta ɗauko wannan kusan yadda yake. `asusu.cire(500)` da `asusu.send(:cire, 500)` aiki ɗaya suke yi, sunan ma "aika" ne. Akwai `respond_to?` na tambayar abu ko yana amsa saƙo kaza, akwai `method_missing` mai yin aikin `doesNotUnderstand:`. Tsofaffin masu Rails, tsarin gina shafukan intanet da Ruby, za su tuna `find_by_email` da ire-irensa, babu wanda ya zauna ya rubuta su, `method_missing` ne ke karanta sunan saƙon ya gane abin da ake nema. A Python ma `__getattr__` na ba da irin wannan damar.

Amma ni ba tarihin ne ya dame ni ba. Ƙanena Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi, ina so ka duba wani abu a sauran kod ɗinka. Akwai inda ka rubuta irin wannan a wajen ajin?

```
if nawa.kudi >= 500:
    nawa.kudi = nawa.kudi - 500
```

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:
Wallahi Anti akwai, har wuri uku. Laifi ne? Ai yana aiki.

'Yar Zazzau:
Yana aiki yau. Amma wannan ba saƙo ka aika ba, hannu ka zura a aljihun asusun ka ƙirga kuɗinsa ka ɗiba. Ka dubi AsusunAjiya da Malam ya rubuta: dokarsa ita ce ba a taɓa dubun ƙarshe. Wurare ukun nan naka duk za su tsallake dokar, domin ba su bi ta ƙofa ba. Gobe in aka ce a riƙa cire naira 50 kuɗin hidima a kowane ciri, sai ka bi wuri uku kana gyarawa, in ka manta ɗaya lissafi ya karkace.

Na taɓa gadon wata manhajar biyan kuɗin makaranta da aka rubuta haka. Lissafin ragin da ake yi wa iyaye masu yara fiye da ɗaya yana warwatse a fayil-fayil, kowane shafi da nasa kwafin. Aka canza ƙa'idar, wanda ya gabace ni ya gyara wasu ya bar wasu. Takardar da ake bugawa ta nuna adadi ɗaya, shafin mai karɓar kuɗi ya nuna wani. Iyaye suka zo da takarda a hannu ana gardama da su a bakin taga, kuma su ne da gaskiya. Abin ya yi min ciwo sosai, domin mutanen nan da guminsu suka tara kuɗin. Mako biyu na yi ina tattara lissafin wuri ɗaya, har ya zama kowane shafi tambaya ɗaya yake yi wa ɗalibi: nawa ake bin ka?

To a nan ne kalmar "saƙo" take da amfani, Mai Java. Wanda ya ɗauka fankshan yake kira, tunaninsa na kan matakai, sai ya jawo bayanai waje ya yi aikin da kansa. Wanda ya ɗauka saƙo yake aikawa, tambayarsa ta farko ita ce: aikin wane ne wannan, wa ya kamata in gaya wa?

Mai Java:
Wannan na karɓa, Hajiya, ba gardama. Amma ai ɓoye bayanai ne, a Java `private` muke sawa mu huta, kompaila ta tsare ƙofar. Python ɗin da yaron ke koya ma ba ta da wannan katangar, sai al'adar sa ƙaramin layi a gaban suna.

Sai dai tunda ana maganar wa ke zaɓar metod, bari in faɗi abin da ya taɓa cin mini kwana biyu, ko wani zai tsira. Na rubuta ajin Kwastoma, na sa masa `equals(Kwastoma wani)`. In na gwada `a.equals(b)` da hannu sai ya ce daidai suke. In na zuba su a jeri na ce `contains`, sai ya ce babu. Ashe ban sake rubuta `equals` na gado ba, wanda ke karɓar `Object`. Sabon metod na ƙirƙira mai suna iri ɗaya. Java kuma matakai biyu take bi: kompaila ce ke zaɓa tsakanin masu suna ɗaya tun da wuri, bisa nau'in da aka rubuta a kod, sannan a lokacin gudana a duba ajin mai karɓa. Jerin yana kiran `equals` ɗin da ke karɓar `Object`, nawa kuwa yana gefe ba wanda ya taɓa shi. Da na sa `@Override` a sama, alamar cewa metod na gado nake sake rubutawa, wanda ya shigo tun Java 5 a 2004, da kompaila ta kama ni a take. Tun daga ranar ban sake barin sa ba.

Baban Hanifa:
Madalla. Ka ga labarinka ya nuna abin da muke faɗa: a wurin Java, sunan saƙo ba kalmar `equals` kaɗai ba ce, har da nau'in kayan da ya ɗauko. Ka ajiye amsa ga saƙon da ba wanda ke aikowa.

A C++ tarkon ya fi haka zurfi. In ba ka rubuta `virtual` a metod na ajin uwa ba, ka riƙe ɗa ta manunin uwa, to metod na uwa ne zai gudana ko da ɗan ya rubuta nasa. A nan kam na yarda da kai ɗari bisa ɗari, kira ne tsantsa, mai karɓa ba shi da ta cewa. Java ta juya lamarin, kowane metod ana duba mai karɓa sai wanda aka sa wa `static` ko `private` ko `final`. C# kuma ta koma irin ta C++, sai ka rubuta `virtual`. Shi Kay ai ya faɗa a taron OOPSLA na 1997 cewa shi ya ƙirƙiro sunan wannan salo na aji da abu, wato "object-oriented", kuma ba C++ ce a ransa ba lokacin.

Bakatsinen Legas:
Ku ba ni wuri in sa baki kaɗan. Na yi aikin manhajar iPhone kafin Swift ta fito a 2014, da Objective-C. Brad Cox da Tom Love ne suka yi shi a farkon shekarun 1980, suka ɗora saƙon Smalltalk a kan C. Ana rubuta `[asusu cire:500]`, kompaila ta mai da shi kira zuwa fankshan guda mai suna `objc_msgSend`, ta ba shi mai karɓa da sunan saƙo da kayan. To Mai Java, ɗan aiken da ka ce babu, a nan akwai shi har da suna. Yana da ma'ajiya a kowane aji inda yake tuna metod ɗin da ya samo a baya, don kada kullum ya sake hawa bishiyar gado.

Abin da ke cizon sabon shiga shi ne aika saƙo ga `nil`, wato inda babu wani abu. A Java manhaja za ta faɗi da `NullPointerException`. A Objective-C shiru za ka ji, a dawo maka da sifili ko `nil`, aiki ya ci gaba. Wani lokaci rahama ce, wani lokaci kuma ka wuni kana neman dalilin da allo ya fito fayau.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:
Na fara ganewa. Tambaya ɗaya: in saƙo ne, ke nan ina iya aikawa in ci gaba da wani aikin kafin amsa ta zo? Kamar yadda nake tura saƙo a WhatsApp?

Ɗan Damagaram:
A'a, kuma nan ne kalmar ke iya ruɗar mutum. A Python da Java da Ruby, har da Smalltalk-80 kanta, mai aikawa tsayawa yake cik har metod ya gama ya dawo da amsa. Ya fi kama da kiran waya, kana riƙe da layi har a ba ka amsa. Irin wanda kake nufi akwai shi, amma a wani gida: tsarin da Carl Hewitt ya gabatar a 1973, da harshen Erlang da aka yi a kamfanin Ericsson na Suwidin domin na'urorin tarho. A can kowane ɗan aiki yana da akwatin saƙonsa, ka jefa ka wuce, shi kuma ya ɗauka in ya samu sarari. WhatsApp ɗin da ka ambata ma da Erlang aka gina sabobinsa. In ka taɓa wasa da Scratch, manhajar koya wa yara rubuta kod da tubala, tubalin nan na yin shela ga duk 'yan wasa irin wannan ne, kuma Scratch na farko a cikin Squeak aka rubuta shi.

Mai Java:
To ka gani. Tunda tsayawa ake a jira, ni har yanzu "kira" zan riƙa ce wa nawa ɗaliban. Sai dai zan ƙara musu da cewa abin da ke gaban ɗigo shi ke zaɓar wanda zai ɗaga wayar.

'Yar Zazzau:
In ka ƙara wannan, ba ni da sauran ƙorafi a kan sunan.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:
Na goge wurare ukun nan, duk sun koma `nawa.cire(...)`, na mai da duba ko kuɗi ya isa cikin metod ɗin. Amma yanzu na lura `cire` na AsusunAjiya da na Asusu duk suna da layin `self.kudi = self.kudi - adadi`. Ai wannan ma kwafi biyu ne, irin abin da Anti ta hana. Yaya zan sa ɗan ya duba dokarsa, sannan ya bar wa uwar ta yi ragin?

Baban Hanifa:
Idonka ya buɗe. Share layin da ke ƙarƙashin `else`, ka sa `super().cire(adadi)`. Mai karɓa bai canza ba, `self` ɗin nan dai shi ne, wurin fara neman metod ne kawai ya matsa gaba da ajin da kake ciki. Sa `print(type(self))` a cikin `cire` na Asusu, ka aika wa AsusunAjiya(5000) saƙon, ka turo mana abin da ya fito.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi:
`<class '__main__.AsusunAjiya'>` ya fito, Malam. Alhali a cikin kod ɗin Asusu na sa shi.